Mu Leƙa Duniya: Yadda Ake Shirya Ziyarar Kwana Uku Zuwa Banjul, Babban Birnin Da Ke Kan Tsibiri

  

Tafiyarmu ta wannan makon a kan takarda za mu yi ta. Za mu tashi daga yankinmu na Watari da ke ƙaramar hukumar Bagwai, mu miƙe yamma har sai ƙasa ta ƙare mun iske teku. A can bakin tekun akwai wani ɗan ƙaramin birni da ruwa ya kewaye, sunansa Banjul, shi ne babban birnin ƙasar Gambiya. Za mu ga abin da mutum zai tanada idan yana son ya je ya yi kwana uku ya dawo gida lafiya.

Na san wani zai ce, "Haba Yaya, ni da ko Kano sai da dalili nake shiga, me ya haɗa ni da Banjul?" Amsa biyu gare ni. Ta farko, dama ba ta sallama kafin ta zo. Gasar muhawara, musabaƙar Alƙur'ani, wasanni, taron matasa ko gurbin karatu, kowannensu yana iya fitar da ɗan ƙauye ƙasar waje cikin ɗan lokaci. Wanda bai san takardun da ake nema ba, ko dai damar ta wuce shi, ko ya faɗa hannun 'yan damfara su cinye kuɗin da iyayensa suka sayar da amfanin gona suka tara. Ta biyu, tsarin shirya tafiya iri ɗaya ne ko ina za ka. Wanda ya iya tsara zuwa Banjul, tsara yawon buɗe ido na makaranta zuwa Gidan Makama ko madatsar ruwa ta Tiga ba zai gagare shi ba.

Mu fara da sanin garin

Matafiyi na ƙwarai taswira yake fara buɗewa kafin jaka. Ku duba yammacin Afirka, za ku ga wata siririyar ƙasa da ta shige cikin Sanagal kamar tsinke a cikin tsire. Ita ce Gambiya. Sanagal ta kewaye ta arewa da gabas da kudu, Tekun Atlantika kuma yana yammacinta. Faɗinta kimanin murabba'in kilomita 11,300 ne, wato kaɗan ta ɗara rabin Jihar Kano. A duk ƙasashen da ke kan doron nahiyar Afirka, ban da na tsibirai, babu wadda ta kai ta ƙanƙanta. Kogin Gambiya, wanda ya taso daga tsaunukan Futa Jalon na ƙasar Gini, shi ya ratsa tsakiyarta har ya zube a teku.

Daidai inda kogin ya haɗu da teku, nan Banjul take, a kan tsibirin da Turawa suka raɗa wa suna St Mary. Teku da kogi sun tare ta a gaba, a baya kuma akwai fadamun Tanbi masu cike da itatuwan da ke rayuwa a ruwan gishiri. Idan da mota za ka shiga, sai ka haye Gadar Denton. Birnin ba shi da wurin faɗaɗa, shi ya sa ƙidayar 2013 ta sami mutane kimanin 31,000 kacal a cikinsa. Ku kwatanta da ƙaramar hukumarmu ta Bagwai, wadda tun a ƙidayar 2006 ta haura mutum 160,000. Yawancin masu aiki a Banjul a Serekunda da kewayenta suke kwana. Da safe su cika garin, da yamma su watse, ya yi tsit.

A 1816 wani hafsan sojan Birtaniya mai suna Alexander Grant ya kafa garin a matsayin sansani, don tare jiragen masu fataucin bayi, bayan Birtaniya ta haramta wannan ciniki a 1807. Da farko Bathurst ake kiransa. Gambiya ta sami 'yancin kai ranar 18 ga Fabrairu, 1965, ƙarƙashin jagorancin Dawda Jawara, sannan a 1973 aka mayar wa birnin suna Banjul.

Dangantakarmu da su ta fi yadda kuke zato. Jarrabawar WAEC da kuke shiri, ɗaliban Gambiya ma ita suke rubutawa, domin ƙasashe biyar ne ke cikin hukumar: Nijeriya, Gana, Saliyo, Laberiya da Gambiya. Turanci ne harshen gwamnati a can kamar nan. Mafi yawan jama'ar Musulmi ne. Gyaɗa ce babban amfanin gonar da suka daɗe suna sayarwa waje, kamar yadda Kano ta yi suna da dalar gyaɗa a da. Ko tambarin ƙasarsu ma fartanya da gatari ne a hannun zakuna biyu.

Takardu kafin komai

Nijeriya da Gambiya duk suna cikin ƙungiyar ECOWAS, wadda aka kafa a Legas a 1975. Yarjejeniyar zirga-zirga ta 1979 ta ba ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar damar shiga 'yar uwarta ya zauna har kwana 90 ba tare da biza ba. Ku riƙe wannan da kyau. Duk wanda ya ce ku kawo kuɗi ya samo muku bizar ziyarar Gambiya, ku kama gabanku.

Rashin buƙatar biza ba ya nufin a tafi hannu rabbana. Ga abin da za a tanada:

Na ɗaya, fasfo. Hukumar Shige da Fice ta Ƙasa ce ke bayar da shi, kuma tana da ofishi a Kano. Za a nemi lambar NIN, takardar haihuwa, da takardar shaidar ƙaramar hukuma. Wanda bai kai shekara 18 ba sai da takardar amincewar iyaye. A tabbata sunan da ke kan NIN da ranar haihuwa sun yi daidai da na sauran takardu, harafi da harafi. Wanda yake Muhammad a wata takarda, Mohammed a wata, zai sha zirga-zirga kafin a gyara. Ana cike fom ana biyan kuɗi ta shafin hukumar na intanet, don haka ba sai an bi ta hannun ɗan kamasho ba. Wanda yake da tsohon fasfo ya duba ya ga saura aƙalla wata shida kafin ya ƙare.

Na biyu, katin rigakafin zazzaɓin shawara, wannan mai ruwan ɗorawa. Jami'an lafiya na filayen jiragen sama da iyakoki ne ke bayar da shi bayan an yi wa mutum allurar. Shaidar tana fara aiki ne kwana 10 bayan allura, saboda haka ba a barin ta sai ana gobe tafiya. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince cewa allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. Kada ka yarda a sayar maka da kati ba allura. Sauro ba ya karanta kati.

Na uku, idan makaranta ce ko wata hukuma ta shirya tafiyar, a riƙe takardar gayyata da sunan masauki, domin jami'in shige da fice yana iya tambayar inda za ka sauka da ranar da za ka koma. Kowace takarda a yi mata kwafi biyu, ɗaya a jaka daban, ɗaya a bar wa iyaye a gida, sannan a ɗauki hotonta a waya.

A fara wannan hidima aƙalla wata uku kafin ranar tashi.

Ta ina za a bi, kuma yaushe?

Daga Kano zuwa Banjul, a miƙe kamar yadda tsuntsu ke tafiya, ya haura kilomita 2,700. Hanyar mota ta arewa tana bi ta Nijar, Burkina Faso, Mali da Sanagal. Kwanaki ake yi a kanta, sassa da dama na fama da rashin tsaro, kuma ƙasashe ukun farko sun fice daga ECOWAS a watan Janairun 2025. Ga mai ziyarar kwana uku, musamman ɗalibi, jirgin sama ne abin bi.

Tafiyar zango-zango ce. Daga gida a shiga mota ta Bichi zuwa Kano. Daga filin jirgin sama na Malam Aminu Kano a tashi zuwa Legas. Daga Legas a hau mai zuwa Gambiya, wanda sau da yawa yakan tsaya a wani birni kamar Akara, Lome ko Dakar. Idan tikitin Kano zuwa Legas daban ne da na Legas zuwa Banjul, a bar tazara mai yawa a tsakani, ko ma a kwana a Legas. Idan jirgin farko ya makara ka rasa na biyu, asarar taka ce. Haka kuma kwana uku a Banjul yana nufin kusan kwana biyar ko shida daga barin gida zuwa dawowa.

Filin jirgin da ake kira na Banjul ba a kan tsibirin yake ba. Yana Yundum, kimanin kilomita 24 daga birnin. Tun kafin a tashi a san wanda zai tarbe ku, ko a san motar da za a shiga.

Ga ɗan lissafi ga masu son darasin labarin ƙasa. Agogon Gambiya yana bayan namu da awa ɗaya: ƙarfe 12 na rana a Bagwai, 11 na safe ne a Banjul. Amma tazarar rana ta fi haka. Duniya tana juya digiri ɗaya cikin minti huɗu, kuma tsakanin Kano da Banjul akwai kimanin digiri 25. Ku ninka 25 sau 4, za ku sami minti 100, wato awa ɗaya da minti 40. Idan aka cire awa ɗayan da agogo ya riga ya rage, saura minti 40. Ma'ana, ko ka gyara agogonka, za ka ga lokutan salla suna shiga a makare da kusan minti 40 a kan yadda ka saba. Ka bi ladanin garin.

Batun lokaci kuwa, damina da rani suke da su kamar mu. Ruwa yana sauka daga wajen Yuni zuwa Oktoba, ya fi ƙarfi a Agusta. Banjul ƙasa take sosai, kusan daidai da teku, don haka idan aka yi ruwa mai yawa tituna kan cika. Dogon hutunmu ya faɗa cikin wannan lokaci, ga kuma aikin gona a gida. Hutun Disamba ya fi dacewa: babu ruwa, ga sanyi-sanyi, an kuma kammala kaka. Sai dai lokacin ne Turawa masu gudun hunturu ke cika otal-otal, farashi ya tashi. Wanda ya zaɓi Disamba sai ya kama masauki da tikiti da wuri.

Kuɗi da masauki

Kuɗin Gambiya sunansa dalasi, kuma butut 100 ne ke yin dalasi ɗaya. Farashin canji da na tikiti suna sauyawa kullum, don haka sai ranar da za ku yi kasafi za ku tambayi banki da kamfanin jirgi, ku rubuta abin da aka gaya muku da kwanan wata. Ku ja layi a takarda ku jera gidaje takwas: fasfo da kati, motar gida zuwa Kano da dawowa, tikitin jirgi, masauki, abinci, motocin cikin gari da jirgin fito, kuɗin shiga wuraren tarihi, sai tsaraba. Bayan kun haɗa jimla, ku ƙara kashi ɗaya cikin goma ku ajiye gefe don abin da ka iya tasowa. Wannan kason ba na tsaraba ba ne, ko da an ga atamfa mai kyau.

Kada a dogara da katin banki kaɗai. A tambayi banki ko zai yi aiki a waje, sannan a riƙe tsabar kuɗi kamar dala, a canza a wurin da ke da lasisi, a karɓi rasit. A raba kuɗin wuri biyu a jiki.

Masaukan baƙi sun fi yawa a wajen tsibirin, a Bakau, Fajara, Kotu da Kololi. Mai ƙaramin ƙarfi zai fi samun sauƙi a Bakau ko Serekunda, ya riƙa shiga Banjul da safe. Tasi iri biyu ne. Koraye na 'yan yawon buɗe ido ne, suna da tsada. Masu ruwan ɗorawa su ne na jama'a, ana haɗa fasinja kamar yadda muka saba. Akwai kuma ƙananan bas da suke kira gele-gele. Kafin ka shiga kowace mota ka ji kuɗinta.

Soket ɗinsu irin namu ne mai baki uku, don haka cazarka za ta yi. Lambar kiran ƙasar 220 ce, kuma ana iya sayen layin waya na can da fasfo. Wani abu kuma, Gambiya ta haramta jakar leda tun 2015, don haka a tafi da jakar yadi.

Rana ta farko: cikin birni

Daɗin Banjul shi ne da ƙafa za ka zaga ta. A fara daga ƙofar gari, inda akwai wata doguwar ƙofa mai tsayin mita 35 da ake kira Arch 22. An gina ta ne don tunawa da juyin mulkin 22 ga Yuli, 1994, wanda ya kifar da Jawara ya kawo Yahya Jammeh. Masu darasin gwamnati su lura: Jammeh ya yi shekara 22 a kan mulki, ya faɗi zaɓe a Disambar 2016 a hannun Adama Barrow, ya amince, sannan ya dawo ya ƙi. Shugabannin ECOWAS, ciki har da Muhammadu Buhari, sun je Banjul sulhu, ƙungiyar ta kuma tura dakaru, har ya bar ƙasar a Janairun 2017.

Daga nan sai gidan tarihi na ƙasa, wanda aka buɗe a 1985. Akwai kayan noma, kayan kiɗa, tsofaffin hotuna da taswirori. A shiga da littafi da biro, a rubuta abin da ya yi kama da namu da abin da ya bambanta. Azahar sai a yi ta a Masallacin Sarki Fahad, babban masallacin birnin, wanda aka gina a 1988.

Da yamma a shiga Kasuwar Albert, wadda ke ci tun ƙarni na 19. Akwai kifi ɗanye da busasshe, atamfofi, rinannun yadi da kayan sassaƙa. Ana ciniki sosai, kuma wanda ya saba da Kantin Kwari ko Kurmi ba sai an koya masa ba. Kada a ɗauki hoton fadar shugaban ƙasa, barikin soja ko shingen jami'an tsaro. Mutane ma sai an nemi izininsu.

Rana ta biyu: ƙetaren kogi

Wannan ita ce ranar da ta fi nauyi. Da sassafe a je tashar jirgin fito da ke ɗaukar mutane da motoci zuwa Barra, a gaɓar arewa. A Barra akwai ganuwar Fort Bullen da aka fara ginawa a 1826, inda aka girke igwa don hana jiragen bayi wucewa. Daga nan a shiga mota zuwa ƙauyukan Albreda da Juffureh, sannan a hau kwalekwale zuwa wani ɗan tsibiri a tsakiyar kogi, kimanin kilomita 30 daga teku. A da James ake kiransa, a 2011 aka mayar da shi Tsibirin Kunta Kinteh, sunan mutumin da Alex Haley ya ba da labarinsa a littafinsa Roots na 1976. A nan ake tsare mutanen da aka kamo kafin a loda su a jirgi zuwa Amurka. Hukumar UNESCO ta sa wurin cikin jerin wuraren tarihi na duniya a 2003. Ruwa yana cin tsibirin a hankali, abin da ya rage shi ne kangon ganuwa da 'yan kukoki. Abin da kuka karanta a aji game da cinikin bayi, a nan za ku tsaya a kansa da ƙafarku.

A nan dole mu yi maganar ruwa, kuma mu mutanen Watari ba sai an yi mana dogon bayani ba. Ba mu manta da 30 ga Nuwamba, 2021 ba, ranar da jirgin da ya taso daga Badau zuwa Bagwai ya kife a madatsarmu, muka rasa sama da mutum 20, galibinsu yara 'yan Islamiyya masu zuwa Mauludi. Allah ya jiƙansu da rahama. Darasin yana nan ko ina aka je. Kada a shiga kwalekwalen da aka yi wa lodi fiye da kima. Kada a shiga sai da rigar kariya daga nutsewa. Kada a yi fito bayan magariba. Tsakanin Banjul da Barra akwai masu kwalekwale da za su ce maka sun fi babban jirgi sauri. Ka jira babban jirgin. Ka kuma tambayi lokacin tashin na ƙarshe tun da safe, don kada dare ya yi maka a ƙetare.

Rana ta uku: wajen gari

A Bakau akwai tafkin Kachikally mai cike da kadoji, wanda mutanen wurin ke girmamawa tun kaka da kakanni. Za ka ga baƙi suna shafa bayan kada don ɗaukar hoto. Kai dai kallo ya ishe ka. Daga nan a wuce gandun dajin Abuko da aka keɓe tun 1968, inda akwai birai da tsuntsaye. Duk ƙanƙantar Gambiya, tana da tsuntsaye sama da iri 500.

Da la'asar a je bakin teku. Iyo a dam ko kududdufi daban yake da teku, domin igiyar ruwa tana janye mutum ciki ko da ya iya iyo. A tsaya inda ruwa bai wuce idon sawu ba, a kalli rana tana faɗawa cikin ruwa, abin da ba za ka taɓa gani a Kano ba. A koma masauki da wuri a haɗa kaya.

Abinci, harshe da ladabi

Cikinku ba zai yi baƙunta ba. Benachin dafa-duka ce ta shinkafa da kifi ko nama, kuma ma'anar sunan da harshen Wolof ita ce tukunya ɗaya. Domoda miyar gyaɗa ce da shinkafa. Wonjo shi ne zoɓonmu. Suna yin abin sha da garin 'ya'yan kuka. Akwai burodin tapalapa, da shayin ataya da ake dafawa zagaye uku kamar na mutanen Nijar. Wanda bai saba cin kayan teku ba ya fara da kaɗan. A sha ruwan gora, a kwana cikin gidan sauro, domin akwai zazzaɓin cizon sauro a can ma.

Manyan harsunansu su ne Mandinka, Fulatanci, Wolof, Jola da Sarahule. Sallama tana aiki ko ina. Na gode da Wolof shi ne "jerejef", da Mandinka "abaraka", da Fulatancinsu kuma "jarama". Suna son doguwar gaisuwa kamar mu, don haka kada ka fara tambayar hanya ba ka gaisa ba. A wuraren baƙi akwai samarin da kan liƙe wa mutum da sunan abota ko rakiya, daga ƙarshe su nemi kuɗi. Ka yi godiya cikin mutunci ka wuce.

Ziyara daban, tsallake daban

Ɗalibin sakandare ba ya irin wannan tafiya shi kaɗai. Sai da malami, ko iyaye, ko wani babba da iyaye suka sani suka amince da shi. Fasfonka ya zauna a hannunka ko na jagoran tawaga. Kada ka karɓi saƙon kowa a filin jirgi, komai tsufansa komai roƙonsa, domin abin da aka samu a jakarka naka ne a gaban doka. A rubuta adireshin ofishin jakadancin Nijeriya da ke Gambiya, a kuma kira gida kullum.

Gambiya kanta ta yi asarar matasa masu yawa da suka bi ɓarauniyar hanya ta Agadas da Libiya da nufin shiga Turai, wasu suka ƙare a sahara, wasu a Bahar Rum. Irin wannan kiran yana zuwa ƙauyukanmu ma, wani lokaci da sunan aikatau a ƙasar waje. Alamarsa ba ta ɓuya: za a ce kada ka gaya wa iyayenka, ko a ce ba sai da takarda ba, ko a ce ka biya bayan ka fara aiki. Tafiyar gaskiya tana da takarda, tana da masauki sananne, tana da ranar dawowa. Duk wadda ta rasa waɗannan uku, a kai maganarta wurin iyaye ko shugaban makaranta.

Aikin wannan mako

Kowa ya samu takarda ɗaya ya tsara tafiyar kwana ɗaya daga garinsu zuwa wani wuri a Jihar Kano, kamar Dutsen Dala, Gidan Makama, marinar Ƙofar Mata ko dajin Falgore. A rubuta lokacin tashi da na dawowa, motar da za a shiga, kuɗin kowane zango bayan an tambayi direbobi a tasha, abin da za a ci, babban da zai yi rakiya, da abin da za a yi idan mota ta lalace a hanya. A nuna wa malamin labarin ƙasa ya duba, sannan a aiko wa wannan fili ta hannun edita, tare da suna da aji da makaranta. Waɗanda suka fi tsaruwa za mu kawo su nan mu tattauna.

Wanda kuma bai yi rajistar NIN ba, ko ba shi da takardar haihuwa, ya tuna wa Baba ko Inna tun yau. Ko ba tafiya, rajistar JAMB ma sai da lambar.

Sai mun haɗu mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. A yi karatu da kyau, a gaida mutanen gida.